Shimi a Kan Allo da Shimi a Hannu

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, sallama tana yawa a ƙofar gidanmu a Guna. Uba zai zo da ɗansa ko ƴarsa a bayansa, a gaisa, a yi barka da arziki, sannan a zo kan magana: "Malam, yaron nan ya samu bak D. Likita muke fata ya zama, ko ya samu aiki a matatar mai. Ina shawara?" Shawarata ba ta cika yi musu daɗi ba, don takan fara ne da wata ƙofa da ba su san da zamanta ba. Ko likitanci yaro zai karanta, ko haɗa magunguna, ko aikin gona, ko ilimin ma'adinai, sai ya bi ta shekarar farko ta ilimin sinadarai, wanda mu a Nijar muke kira shimi, ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka kuma suke ce masa kemistiri. A ƙofar nan na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun yi tuntuɓe. Wasu sun maimaita shekara, wasu sun sauya fanni, wasu sun dawo gida bayan an sayar da awaki da damman gero don a tura su. Ni ma ta nan na bi, yau kuma ina koyar da fizik da shimi a kolej, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa wa malamai ƴan'uwana da iyayen yara.

A da, jami'ar gwamnati ɗaya muke da ita, ta Yamai mai ɗauke da sunan Abdou Moumouni, kilomita kusan 900 daga Damagaram. A 2010 aka kafa ta Zinder da ta Maraɗi da ta Tawa, ta Zinder kuma yanzu tana amsa sunan André Salifou, wanda ya rubuta tarihin Damagaram. Tafiya ta ragu, alhamdu lillahi. Tsarin karatun kuwa kusan ɗaya ne duk inda ka je. Akwai lacca a babban zauren da ɗalibai ke kira amfi, inda malami ɗaya ke fuskantar ɗaruruwan kawuna. Akwai TD, inda ake raba ku rukuni-rukuni kuna warware lissafi. Sai TP, aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje. Idan lokaci ya ƙure ko kuɗi ya yi ƙaranci, na ukun nan ake fara yanka, kuma a kansa nake son in tsaya.

Amma bari in fara ba lacca haƙƙinta. A makonnin farko ana zubo maka abubuwa kamar ruwan Agusta: yadda ƙwayar zarra take, jadawalin da Mendeleyef ya tsara a 1869 wanda yau ya ƙunshi sinadarai 118, asid da baz, ma'aunin pH. Duk da Faransanci, kuma da saurin da hannu ba ya iya bi. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne mol. Za a rubuta maka a allo cewa mol ɗaya ƙwayoyi ne 6.022 sau goma mai sifili 23, ka haddace, ka ci jarrabawa ma, ba ka san abin da ake nufi ba. Ni a kasuwar garinmu na gane shi. Ba wanda ke ƙirga ƙwayar gero. Tiya ake sawa a auna. Mai shimi ma ba ya iya ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai ya nemi tasa tiyar. Bambancin kawai, tiyar kasuwa girmanta ne ba ya canzawa, yawan ƙwayoyin da ke cikinta ya danganta da ko gero ne ko wake. Tiyar mai shimi kuwa yawan ƙwayoyin ne ba ya canzawa, nauyin ne ke bambanta: mol ɗaya na ruwa giram 18, na gishirin miya giram 58.5, na sukari giram 342. Tun da na fara koyarwa ban taɓa shiga babin mol ba tare da tiya a hannuna ba.

Ranar TP ta farko, malamin da ke kula da ɗakin bai bar mu mun taɓa komai ba sai da ya yi kusan awa yana gargaɗi. Ba a shiga da silifa, ba a shiga ba farar riga, ba a ɗanɗana komai, ba a kai hanci bakin kwalba. Mata su cusa bakin mayafinsu cikin rigar saboda wuta. Sannan dokar da ya sa muka maimaita kamar ƴan makarantar allo: asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid. Dalili shi ne haɗuwarsu tana haifar da zafi mai tsanani, idan ruwan ne kaɗan a saman asid mai ƙarfi sai ya tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Asid ɗin da yake magana a kai shi ne na cikin batirin mota, wanda yaran masu cajin batir ke ɗurawa da hannu tsirara a bakin tasha.

Aikin da ya zauna mini a rai shi ne na gano ƙarfin asid. Ana ba ka wani ruwa a kwalba, fari tas kamar na sha, a ce asid ne amma ba a faɗa maka ƙarfinsa ba. Za ka ɗebi mililita 10 daidai da wani siririn bututun gilashi da ake kira pipet, ka zuba a kofin gilashi, ka ɗiga masa fenolftalen sau biyu ko uku. A samansa akwai biret, dogon bututu mai zane-zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, cike da ruwan soda wanda ku kuka haɗa da hannunku: giram 4 a lita ɗaya. Sai ka buɗe famfon a hankali, hannun hagu a kan famfo, na dama yana jujjuya kofi. Ruwan yana sauka, ba abin da ke faruwa. Mililita biyar, shida, takwas, shiru. Can sai ka fara ganin wani ja-ja yana bayyana inda ɗigon ya faɗa, ya ɓace da ka girgiza. Daga nan sai ɗigo ɗaya-ɗaya, kana riƙe numfashi. Sannan ɗigo guda ya faɗa, kofin gaba ɗaya ya koma ruwan hoda ya tsaya a haka. Ɗigon nan bai fi kashi ɗaya cikin ashirin na mililita ba. Idan hannunka ya yi nauyi ka saki uku a madadin ɗaya, launin zai yi duhu, ka zubar ka wanke ka sake daga farko. Ko karanta awon ma sai ka durƙusa idonka ya yi daidai da saman ruwan, don idan ka leƙo daga sama lamba daban za ka gani.

Sau uku ake yi, a ɗauki tsakatsaki. Abokiyar aikina wata ɗaliba ce ƴar Matamai, hannunta ya fi na kowa natsuwa a rukuninmu, mun samu 11.3 da 11.4 da 11.3. Wani rukuni kuwa suka kawo rahoto mai tsabta, an ja layi da jan biro, sakamakonsu 10.0 har sau uku. Malamin ya duba ya yi murmushi ya ce, "Wannan amsar bara ce. Bana na canza ƙarfin asid ɗin." Rahoton yayyensu na shekarar da ta wuce suka kwafa. Bai yi musu faɗa ba, ya ba su sifili, ya ce wanda ya kawo masa lambar da ta kauce ya kuma bayyana dalilin kaucewarta ya fi masa wanda ya kawo lamba mai kyau da bai auna ba. Wannan darasi ba ya shiga ta lacca. A amfi gaskiya ita ce abin da malami ya faɗa, a gaban biret kuwa sai abin da ka auna, ko da ya saɓa wa littafi. Yaron da zai riƙe sakamakon gwajin jinin wani, ko ya sa hannu a takardar da ta ce ruwan rijiya kaza ya halatta a sha, a nan ya kamata a fara yi masa tarbiyya.

Sai dai sau nawa muka shiga ɗakin? Ban cika yatsun hannu biyu ba a shekarar. Mu biyar ko shida a kan biret ɗaya, biyu suna aiki sauran suna leƙe ta kafaɗa. Wata rana ba ruwa a famfo, wata rana sinadarin ya daɗe ya lalace, wata rana yajin aiki. Kafin nan kuma, a lise, yawancinmu TP a kan allo muka yi. Malami zai zana biret da alli, ya zana kofi a ƙarƙashinsa, ya ja kibiya ya rubuta cewa ruwan ya koma ruwan hoda, mu kwafe. Ban ga laifinsa ba, abin da yake da shi ke nan, kuma zanensa ma kyakkyawa ne. Amma wanda aka koya wa iyo a kan tabarma, ranar da ya ga tafki sai ya ja da baya. Na ga ɗaliban da suka zo da maki 16 cikin 20 a shimi hannunsu yana rawa da aka miƙa musu pipet.

Da na zo hutun farko, kaina cike da asid da baz, sai na tarar da su a madafar gidanmu. Inna tana dafa wake ta jefa ɗan gutsuren kanwa.

"Inna, me ya sa kike sa kanwa?"

"Don ya nuna da wuri mana. Wannan ma sai an je jami'a?"

"To nawa kike sawa?"

"Kai ɗan nan! Ido ba mudu ba, ya san kima."

Kanwar nan da ake kawowa daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine Sorowa, baz ce, dangin sodar da ke cikin biret ɗinmu, sai dai ba ta kai ta kaifi ba. Tsamiya da lemun tsami asid ne. Duk matar da ta taɓa haɗa ruwan kanwa da na tsamiya ta ga kumfa ta taso, ta ga abin da muke rubutawa da haruffa a takardar jarrabawa: iskar kabon ce ke fita. Zoɓo ja ne jawur idan ka matsa masa lemu, ka ɗiga masa ruwan kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore, wato aikin fenolftalen yake yi. Je ka marina ka tsaya: zane yana fitowa daga ramin baba kore-kore, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. Babi guda ne cur a littafinmu, na yadda iskar oksijin ke sauya sinadari. Majeman Zinder da tokarsu da bagaruwarsu haka. Tun zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ana zuba igwa ana haɗa albarushi a birnin Damagaram. Ba wanda zai ce mana mu baƙi ne a wannan ilimi.

Amma ina jin tsoron masu tsayawa a nan su yi ta kirari, wai kakanninmu sun riga Turawa sanin komai. Karin maganar da Inna ta jefe ni da ita gaskiya ce a tukunyar wake, inda kanwa in ta yi yawa iyakarta ta ɓata ɗanɗano ta ɓata ciki. Akwai wuraren da ido ba ya sanin kima ko kaɗan. A Tibiri ta Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, mutane sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse, garai-garai, ba wari ba ɗanɗano. Sinadarin fuluwo ne ya yi yawa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 a lita ɗaya, na Tibiri ya haura haka nesa ba kusa ba. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe, wasu har yau da nakasar suke rayuwa. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Wane ido ne zai gan shi a cikin tulu? A Zamfara a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ƙura ce kawai irin wadda aka saba sharewa. Gwajin da ke tona irin wannan ɓoyayyen abu ƙanin wanda muka yi da biret ne, kuma hannun da zai yi shi a shekarar farko ake horar da shi.

Ba sai an je nesa ba ma. Buhun takin ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, don kashi 46 cikin ɗari ne. Buhun 15-15-15 mai nauyi ɗaya kilo 7.5 kawai yake da shi, sauran amfaninsa na wasu sinadarai biyu ne. Manomi nawa a Guna aka taɓa yi wa wannan lissafi kafin ya zaɓi wanda zai saya? Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri ne a lita ɗaya. A ninka gishirin da niyyar ƙarfafa magani, sai a ƙara wa yaro ciwo. Piya-piyan da ake yayyafa wa wake a rumbu da murfin kwalba, da ruwan jabel da ake haɗawa da wani abin wanke bayi mai asid a rufaffen ɗaki har iskar kulor ta shaƙe mutum, duk maganar "nawa" ce. Mun san kayan, mun san aikinsu. Awon ne ya yi mana ƙaranci, shi ne kuma abin da ɗakin gwaji ke koyarwa.

Ga masu hangen aiki kuwa, matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamba 2011 a arewacin Zinder, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana da ɗakin gwajinta. Haka kamfanin siminti na Malbaza da ma'adinan yuraniyom na Arlit. A irin waɗannan wurare ba a tambayarka ka karanto ma'anar mol da ka. Samfur za a miƙa maka a ce auna.

To mu malaman kolej da lise me za mu yi, tunda ɗakin gwaji ba zai faɗo daga sama ba? Zan faɗi abin da nake yi, ba don ya isa ba. Sirinji sabo mai mililita 10 daga farmasi yana maye gurbin biret. Ƙananan kofunan shayi na gilashi suna maye gurbin kofunan gwaji. Jiƙaƙƙen zoɓo, lemun tsami, kanwa, ruwan toka, da ɗan sikelin batir irin na masu sayen zinariya. Yara su auna kanwa giram 10, su narkar a ruwa mililita 100, su tace, su ɗiga a kan ruwan lemu mai zoɓo har launi ya juya, su rubuta, su sake sau uku. Launin zoɓo ba ya juyawa farat ɗaya kamar na fenolftalen, a hankali yake rikiɗa, don haka sai rukuni ya yi gardama a kan inda za a tsaya. Gardamar nan ina sonta, ita ce ke sa su gane cewa kowane awo yana da iyakar ingancinsa. Asid mai ƙarfi kuwa ba na kawo shi aji mai yara tamanin, kuma ba na ba kowa shawarar ya kawo.

Sannan harshe. Jarrabawa da Faransanci ake yi, ba na musu, dole yaro ya iya kalmomin. Amma idan na gama bayani na ga idanu sun yi fari, nakan juya in faɗa da Hausa, in ce wane ne ya taɓa ganin an sa kanwa a miyar kuɓewa, sai ajin ya farka. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Dan Dicko Dankoulodo da jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa masanin shimi ne, har ya riƙe ma'aikatar ilimi. Nakan ambaci mutanen nan biyu a aji da gangan, don yaran da ke ganin kimiyya kayan wasu ne su ji sunaye irin na unguwarsu.

Iyaye kuma, abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Idan yaro ya dawo hutu daga jami'a, bayan an tambaye shi maki, a tambaye shi sau nawa ya shiga ɗakin gwaji, kuma shi ya riƙe kayan ko kallo ya yi. Idan ya ce yana bukatar farar riga da na'urar lissafi, ba almubazzaranci ba ne, ba a barinsa shiga ba rigar. Kada a kori ɗa namiji daga madafa idan ya tsaya yana tambaya. Na lura ƴan mata sun fi saurin kama aikin awo da zubi, ina kuma zargin shekarun da suka yi a gindin murhu ne. A taron kwamitin makaranta da muke kira Kojes, idan ana kasafin ɗan abin da aka tara, a tuna cewa sirinji ashirin da sikeli biyu ba su kai kuɗin buhun siminti uku ba.

A bana na sa ƴan ajin ƙarshe su kawo kanwa daga gidajensu. Da muka gwada, ta wani gida mililita 7 ta isa ta juya launin, ta wani sai da aka kai 11, alhali duk giram 10 muka auna. Na tambaye su dalili, aka yi shiru, sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga tsumman da muka yi tata da shi ta nuna yashin da ya rage a kai, ta ce, "Mushe, ta gidan su wane rabinta ƙasa ce." Aji ya fashe da dariya, mai kanwar ya rantse ba haka ba ne. Mun shirya mako mai zuwa za mu busar da abin da ya rage a kowane tsumma mu ɗora a sikeli, wani kuma ya yi alkawarin kawo ungurnu daga wajen kakarsa mu gwada ta tare da sauran.